Warin AC ɗin mota ba matsalar gas ba ce, ruwa ne ke kwana a ciki

Duk wanda ya daɗe yana tuƙa mota mai AC ya san wannan warin ko ba a faɗa masa ba. Ka tada inji ka danna AC, iskar farko da zata bugo maka a fuska sai ka ji wani bashi-bashi na danshi da funfuna, wani lokacin har da tsami-tsami, bayan minti ɗaya ko biyu sai ya lafa, ko dai ya tafi da gaske ko kuma hancinka ne ya saba dashi. Gobe kuma ya dawo. Mai motar shi ne na ƙarshen ganewa saboda kullum yana ciki, sai ya ɗauki wani ya ga yana ta sauke gilashi sannan hankalinsa zai kai.

Toh daga nan mutane kan rabu gida biyu. Wasu su sayi turaren mota su maƙala a bakin iska, wasu kuma su wuce wajen mai gyaran AC a ce musu gas ne ya lalace sai an zubar an sa sabo. Ni a ganina duka biyun asarar kuɗi ce, kuma abin yana damuna saboda matsalar tana da sauƙin fahimta idan aka yi wa mutum bayaninta sau ɗaya. Warin nan daga ruwa yake. Ruwan da AC ɗin da kansa yake tatsowa daga iska, ya kwana a wani lungu mai duhu a bayan dashbod, ya haɗu da ƙura, ƙwayoyin bakteriya da funfuna suka samu wajen zama. Duk gyaran da bai taɓa wannan ruwan ba, ko hanyar fitarsa, ko dattin da ya cakuɗa dashi, to na kwana biyu ne.

Bari mu fara da inda sanyin yake fitowa, dan in ba a gane wannan ba sauran bayanin ba zai zauna ba. Kwamfireso yana jikin inji, yana matse gas ɗin ya yi zafi, a tura shi kondensa da ke gaban lagireto iska ta huce shi ya koma ruwa-ruwa, daga nan ya bi ta wata 'yar matsattsiyar ƙofa matsin da ke kansa ya faɗi, sai ya shiga wani ƙaramin abu mai kama da lagireto da ake kira ibaforeta. Shi wannan ibaforetan ba a wajen inji yake ba, yana cikin mota, a rufe cikin akwatin roba a can bayan dashbod inda ido baya gani hannu baya kaiwa. Da alminiyom aka yi shi, yana da siraran faranti jere a matse da juna, kuma idan AC na aiki sanyinsa kan sauka zuwa 'yan digiri kaɗan sama da inda ruwa ke daskarewa. Fankar cikin mota, wato bulowa, ita ke hura iska ta ratsa tsakanin farantan nan, iskar ta fito da sanyi.

Ka taɓa lura da kofin ruwan sanyi idan aka aje shi, yadda bayansa ke yin gumi har ya jiƙa inda yake? Shi ne dai abinda ke faruwa da ibaforeta, sai dai shi ba tsayawa yake ba, muddin fanka na kawo masa iska yana ta gumin. Iska mai zafin digiri 30 tana iya riƙe kusan giram 30 na ruwa a kowace mita ɗaya mai kusurwa, wato faɗi da tsawo da zurfi mita ɗai-ɗai, amma idan aka sanyaya ta zuwa digiri 5 bata iya riƙe fiye da kusan giram 7. Ragowar dole ta sauke shi, kuma a jikin farantan nan take saukewa. Ka lissafa yawan iskar da fanka ke turawa a tafiyar awa ɗaya a rana mai laima zaka ga ruwan ba kaɗan ba ne. Kuma wannan ba lahani ba ne a ƙirar, aikin AC kenan tun asali. Na'urar da Willis Carrier ya ƙera a 1902 a Amurka, wadda ake ɗauka a matsayin mafarin AC na zamani, dan wata maɗaba'a a Brooklyn aka yi ta saboda danshin iska yana ɓata musu takarda da tawada, cire laima ne manufar farko, sanyin daga baya aka fi son shi.

Masu ƙera mota sun san da ruwan, shi yasa a ƙasan akwatin akwai wajen da yake taruwa da wani ɗan gajeren tiyo na roba da ke fitar dashi ƙarƙashin mota, a yawancin motoci ta ɓangaren fasinjan gaba. Wannan ruwan da kake gani yana ɗiga idan ka yi fakin bayan tafiya da AC, fari tas mara kala mara santsi, alamar lafiya ce. Na sha ganin mutane sun tsorata dashi suna zaton lagireto ne ya fashe. A'a. Abin tsoro shi ne ka yi doguwar tafiya da AC a rana mai danshi ka tsaya ka duba ƙasa ka ga a bushe, toh ruwan ina ya tafi? Yana ciki.

Amma ko da tiyon a buɗe yake ba duk ruwan ke fita ba, kuma nan ne asalin maganar. Tsakanin farantan akwai matsi sosai, ruwa yana maƙalewa a ciki baya gangarowa. Ka iso gida ka kashe mota AC na kunne har daƙiƙar ƙarshe, fanka ta tsaya, ibaforeta a jiƙe sharkaf, zafin inji da zafin rana suka fara ɗumama akwatin, ga duhu, ba iska mai wucewa. Ga kuma abinci, dan duk ƙurar da ta tsallake filta mai tace iskar cikin mota, garin furen itatuwa, ɓurɓushin ganye, gashi, hayaƙin sigari idan ana sha a motar, duk suna mannewa a jikin jiƙaƙƙen ƙarfen. Bakteriya da funfuna basa neman abinda ya wuce haka. A hankali su yi wata 'yar yauƙi a jikin farantan da ƙasan akwatin, kuma ita wannan yauƙin tana ƙara riƙe ruwa, kaga abin yana ciyar da kansa kenan. Warin da kake ji abubuwan da ƙwayoyin nan ke fitarwa ne yayin da suke cin dattin.

Wannan ne ma ya sa warin yake da lokutansa. Da safe yafi ƙarfi saboda ya taru a akwatin duk dare, fanka ta kwaso shi gaba ɗaya ta watso. Da ƙarfen ya yi sanyi sabon ruwa ya lulluɓe shi sai warin ya ragu, dan abu mai sanyi a jiƙe baya saurin sakin wari. Sannan idan ka kashe maɓallin AC ka bar fanka, ko motar irin wadda ke kashe injinta da kanta a danja ce kwamfireso ya tsaya, bayan 'yan daƙiƙu sai ka ji warin ya dawo, saboda ƙarfen ya fara ɗumi ruwan ya fara tashi da abinda ke cikinsa. Idan warin motarka yana bin wannan tsarin, kusan ka gama gano inda yake ba sai an kwance komai ba.

Shi kuwa gas, ko R134a ne da yawancin motoci ke amfani dashi tun tsakiyar shekarun 1990 bayan an daina R12, ko R1234yf na sababbin motoci, a rufe yake cikin bututunsa, baya haɗuwa da iskar da kake shaƙa, kuma kusan bashi da wari. Baya ruɓewa, baya tsufa ya fara ɗoyi. Zaka iya zubar dashi ka sa sabo sau nawa kake so, yauƙin da ke bayan farantan yana nan inda yake. Ƙari ma idan aka cika gas fiye da awon da aka rubuta wa motar, sanyin raguwa yake kuma kwamfireso ya wahala. Gas yana shigowa maganar ne kawai idan sanyi ya ragu, shi ma ɗin ba ƙarewa yake haka kawai ba, yoyo ne a wani waje da ya kamata a nemo.

Kafin ka fara kashe kuɗi dai ka tsaya ka saurari hancinka da kyau, dan ba duk warin da ya fito ta bakin iska ne na funfuna ba, kuma wasu daga cikinsu sun fi shi haɗari nesa ba kusa ba. Idan ƙamshi ne mai zaƙi-zaƙi, gilashin gaba yana yin wani hazo mai maiƙo ta ciki da baya gogewa da sauƙi, ruwan lagireto kuma yana raguwa baka ga inda yake zuba ba, toh ƙaramin lagireton hita ne ke yoyo, shi ma a cikin wannan akwatin yake. Ruwan nan yawanci akwai sinadarin ethylene glycol a ciki, guba ne, kuma injin zai iya yin zafi idan aka bari ya ƙare. Idan ƙaurin waya ko roba ne, kashe fankar nan take, ko injin bulowa ne ke ƙonewa ko wayoyinta. Warin ruɓaɓɓen ƙwai kan fito daga salansa idan na'urar tace hayaƙi ta samu matsala, ko daga batir da ake caja fiye da ƙima. Warin fetur yoyo ne, ba a wasa dashi. Warin hayaƙin salansa a cikin mota shi yafi duka tsoro, dan tare dashi akwai iskar carbon monoxide wadda ita kanta bata da wari ko kala, tana sa ciwon kai da jiri da barci, tana kisa. Akwai kuma ɗoyi mai nauyi na mushe, wannan ɓera ne ya shiga ta hanyar iska ya yi sheƙa a kan filta ko cikin bulowa ya mutu, sau da yawa zaka ji fankar na karkarwa ko tana wata ƙara saboda tarkacen da ya tara.

Sai kuma wanda yafi ruɗa mutane: warin danshi ne sosai amma ba daga AC ba. Kafet ne. Ƙarƙashin kafet ɗin mota akwai soso mai kauri da ke shan ruwa ya riƙe shi na makonni alhali saman a bushe yake a ido. Ruwan sama ya shigo ta robar ƙofa da ta tsufa, ko magudanar rufin gilashi ta toshe, ko an wanke cikin mota ba a busar ba. AC yana kan zagaya iskar ciki, sai ya kwashi warin kafet ya hura maka, ka ɗora wa AC laifi. Gwajin mai sauƙi ne. Buɗe ƙofa da safe kafin ka kunna komai ka shinshina. Idan warin ya tare ka tun a bakin ƙofa, nemi ruwa a ƙasa, cire tabarmin ƙafa ka danna kafet da tafin hannu da ƙarfi, ka duba but har ramin safayar taya. Idan kuma cikin motar lafiya lau sai ka kunna fanka yake zuwa, a akwatin iska yake.

Abu ɗaya da nake ganin kowa ya kamata ya riƙe shi ne jerin hanyar da iska ke bi, dan shi ke nuna wane magani zai yi aiki wanne ba zai yi ba. A yawancin motoci iska tana shigowa ta ramukan da ke ƙasan gilashin gaba wajen gindin waifa, ko ta ƙofar zagaye da ke cikin mota ƙasan dashbod, ta wuce filta da bulowa, ta ratsa ibaforeta, bayan nan ne take zuwa wajen hita idan ana son ɗumi, sannan ta fito ta bakin iska. Kenan bakin iskan da kake gani shi ne ƙarshen hanya. Wanda ya fesa magani ta nan yana fesawa ne a bayan matsalar, iska zata dawo masa dashi fuska, ibaforetan bai san ana yi ba. Ƙari kuma a wasu motoci ruwan feshin na iya gangarawa kan rediyo ko wayoyin da ke ƙasa.

Fara da filta. A mafi yawan motoci tana bayan aljihun dashbod na gaban fasinja, ka kwashe kayan ciki, ka matse gefe da gefe ya sauko, zaka ga wani siririn murfi mai maƙalli, ka cire ka zaro ta a kwance a hankali kar dattin kanta ya zube cikin fanka. A wasu tana ƙarƙashin bonet wajen waifa, a wasu can ƙasa kusa da feda, tsofaffin motoci da yawa ma basu da ita sam. Filtar da ta daɗe in ka zaro zaka ga takardar ta koma toka-toka ko baƙa, tsakanin ninkin cike da busassun ganye da fukafukan ƙwari da gashi, gefenta wani lokacin a lanƙwashe saboda ta taɓa jiƙewa, ɗige-ɗigen funfuna a jiki. Kai ta hanci. Idan warin da ka sani ne, ka kama rabin ɓarawon. Kar ka kakkaɓe ta ka mayar, kar ka wanke ta, takarda ce, sabuwa ake sawa. Akwai kibiya a gefenta, a wasu tana nuna inda iska ke bi a wasu tana nuna sama, ka duba yadda tsohuwar take kafin ka cire. Yawancin littafan mota suna cewa a canza ta tsakanin kilomita 15,000 zuwa 30,000 ko sau ɗaya a shekara, mai bin hanya mai ƙura kuma kar ya jira haka. Irin mai gawayi a ciki tafi tare wari daga waje, amma ka sani bata wanke abinda ya riga ya zauna a ibaforeta, dan sai iska ta wuce filtar take isa gare shi.

Ka ɗaga bonet ka share ganyen da suka taru a gindin gilashi, musamman idan kana fakin a ƙarƙashin itace. Wajen yana da nasa magudanar, idan ta toshe ganye su jiƙe su ruɓe a daidai bakin da mota ke shaƙar iska.

Sai tiyon ruwan. Alamomin toshewarsa su ne rashin ɗigar ruwa a ƙasa, kafet ɗin fasinja a jiƙe, da ƙarar ruwa yana kaɗawa a bayan dashbod idan ka sha kwana ko ka taka burki. Ana samunsa ta ƙarƙashin mota, ɗan baƙin tiyo ne gajere mai kallon ƙasa, a wasu bakinsa a matse yake, nan ne laka da yauƙi ke taruwa, wani lokaci ma ƙwaro ne ya yi gida. Sau da yawa murza bakin da yatsa kaɗai ya isa, sai ka ga ruwa mai duhu mai wari ya kwararo a guje kafin ya koma fari. Idan bai buɗe ba a zura abu mai laushi mai lanƙwasuwa, na roba, a hankali kuma ba da nisa ba. Dan Allah kar a sa wayar ƙarfe ko sukundireba, ibaforeta yana nan kusa kuma alminiyom ɗinsa siriri ne, huda ɗaya ta mayar da aikin minti goma ya zama kwance dashbod gaba ɗaya. Kuma a bari salansa ta huce, kar kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai ba tare da abin tokare ba.

Bayan hanyar ruwa ta buɗe ne wankin ke da amfani. Akwai kumfa ta musamman ta wanke ibaforeta, gwangwani ne mai dogon siririn tiyo. Mota a kashe, a zura tiyon ta cikin magudanar ruwan ko ta ramin filta idan ƙirar motar ta bada dama, a matsa kumfar ta cika akwatin ta kumbura ta shiga tsakanin farantan, a bar ta iya lokacin da aka rubuta a jikin gwangwanin, yawanci minti 10 zuwa 15, ta narke ta koma ruwa ta fito ta magudanar da dattin. Sa roba a ƙasa ka ga abinda ya fito. Abin kiyayewa shi ne kar kumfar ta cika injin bulowa ko ta taɓa kayan lantarki, a motocin da fanka take daidai ƙarƙashin filta gara a bi ta magudana. Daga nan a kunna fanka da ƙarfi, gilasai a buɗe, a busar, sannan a sa sabuwar filta. Kar a sa sabuwar kafin wanki. Idan yauƙin ya yi kauri wani lokaci sai an maimaita.

Wancan gwangwanin da ake fasa wa kai a aje a ƙasan mota a rufe ƙofofi AC na zagaye, yana taimakawa idan warin sabo ne mara ƙarfi, dan aƙalla yana bin hanyar da ta dace, amma hazo ne kawai, baya kankare datti. Na'urar ozon da masu wankin mota ke amfani da ita tana kashe wari da gaske, sai dai ozon, wato iskar da take fitarwa, yana cutar da huhu, babu mutum ko dabba a ciki lokacin da take aiki, a buɗe motar ta sha iska sosai bayan an gama, kuma yawan yinta yana tsufar da roba. Ita ma bata buɗe magudana. Bilic kam a bar shi, yana cin alminiyom, tururinsa na ƙona ido da maƙogwaro, in ya haɗu da wasu sinadaran wanki yana fitar da iska mai guba. Duk wani aiki da ke buƙatar inji a kunne a yi shi a fili, ba cikin rufaffen gareji ba.

Ana yawan ba da shawarar a kunna hita zuwa ƙarshe dan ta ƙone ƙwayoyin. Ka koma kan jerin hanyar iskar zaka ga inda maganar ta yi rauni, hita tana bayan ibaforeta, zafinta gaba yake yi baya dawowa kansa. Tana busar da bututun iska dai. In ana son ta taimaka sai an sa zagayen iskar ciki, AC a kashe, cikin motar ya yi zafi sosai, sannan iskar mai zafi ta zagayo ta ratsa ibaforetan. Ko a hakan busarwa ce take yi, zafin bai kai na kashe komai ba.

Toh an wanke, wari ya tafi, me zai hana shi dawowa? Ɗabi'a ɗaya ce tafi komai: saura 'yan mintuna ka isa inda zaka, kashe maɓallin AC amma ka bar fanka, ka ƙara mata ƙarfi ma, ka mayar da iska ta waje. Ƙarfen zai bar sanyi, iska ta kwashe wani kaso na ruwan kafin ka rufe motar. Gaskiya ba zai bushe ƙarƙaf a minti biyu ko uku ba, musamman ranar da iskar wajen ma a jiƙe take, kuma na san da wuya mutum ya haƙura da sanyi a tsakiyar zafi, amma bambancin ibaforetan da aka bari yana ɗiga da wanda aka ɗan hura yana da yawa idan aka tara kwanaki. Kamfanonin mota ma sun yarda da haka, shi yasa wasu suka sa motar ta riƙa yi da kanta. Hyundai a 2020 ta sanar da wani tsari da ta kira After-Blow, bayan an kashe inji motar zata jira kamar minti 30 ruwa ya tsane, sannan ta kunna fanka na kamar minti 10 ta busar, tana lura da ƙarfin batir. Idan ka ji fankar motarka ta tashi ita kaɗai bayan ka yi fakin, duba littafinta kafin ka ce ta lalace. Motocin lantarki ma basu tsira ba, ibaforeta ɗaya ne, ruwan ɗaya ne.

Maɓallin zagayen iska yana da amfaninsa, yana saurin sanyaya mota yana tare ƙura da hayaƙin go-slow, kuma a rana mai laima yana rage ruwan da ke sauka a ibaforeta tunda iskar cikin ta riga ta bushe. Matsalarsa ita ce a bar shi har abada, numfashin mutane da gashi da ƙurar kujeru su yi ta zagayawa, kuma a yi fakin ƙofar waje a rufe akwatin baya numfashi. Gajerun tafiye-tafiye su ma suna ƙara abin, dan AC yana jiƙa ƙarfen ne kawai a kashe, ruwan bai yi yawan da zai wanke dattin ya gangara dashi ba. Motar da aka aje ta daɗe ba a tuƙa ba, ita ma da wari take tashi. A lokacin sanyi ma yana da kyau a riƙa kunna AC lokaci-lokaci, man da ke yawo tare da gas shi ke jiƙa robobin haɗin bututu kar su bushe su fara yoyo.

Akwai matakin da duk wannan ba zai isa ba. An canza filta, magudana na zuba, an yi kumfa har sau biyu, kafet a bushe, amma bayan sati warin ya dawo yadda yake. A nan ko dai ganye da laka sun toshe fuskar ibaforetan sun zama tabarma, irin yadda ake samu a motocin da basu da filta, ko sosan da aka liƙa a ƙofofin cikin akwatin ya sha ruwa ya ruɓe. Alamar toshewar ita ce fanka na ƙara sosai amma iskar da ke fitowa kaɗan ce. Kafin a yarda da kwance dashbod, a nemi mai gyaran ya cire bulowa, a motoci da yawa ta ƙasan dashbod take fita da 'yan sukurori, ta ramin nata ana iya leƙa fuskar ibaforetan da tocila ko ƙaramar kyamara mai waya, wani lokaci har a wanke shi daga nan. Sai wannan ya gagara ake zuwa ga babban aikin, wanda ke cin awanni da yawa, dole a zuƙe gas da na'ura, a cire kan batir saboda jakunkunan iska na kariya, a kwance sitiyari da dashbod a wasu motocin. Idan aka kai nan kuma motar ta manyanta, yafi dacewa a sa sabon ibaforeta a duba lagireton hita tunda an riga an buɗe, kar a biya kuɗin aiki ɗaya sau biyu.

Idan akwai mai asma ko mai saurin atishawa da ƙaiƙayin ido cikin masu hawa motar, ko jariri, ko dattijo, ni dai bana ganin ya kamata a ja lokaci, funfuna yana daga cikin abubuwan da aka sani suna tada asma, kuma cikin mota ɗan ƙaramin waje ne a rufe, iskar tana bugowa kai tsaye a fuska. Turaren da aka maƙala a bakin iska ma wasu masu asmar shi kansa yana taɓa su, kaga an haɗa musu biyu. A irin wannan motar a cire turaren tukunna, a zaro filta a duba, a kunna AC minti goma a leƙa ƙasa a ga ko ruwa na ɗiga.